Katakon da Ya Raba Inna da Butarta

Edita, ina gaishe ka da masu karatu, ina kuma roƙon fili na ba da labarin wani abu da ya faru a gidana. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin mafi yawan waɗanda abin ya shafa suna raye, kuma a Azare idan ka faɗi unguwa kamar ka faɗi gida ne.

A lokacin ni ma'aikacin gwamnati ne mai matsakaicin muƙami, na haura arba'in, ina da mata da 'ya'ya, kuma ina dab da gama ginin gidana a wata sabuwar unguwa a bayan gari, bayan shekaru ina ɗora bulo a kan bulo. Ni mutum ne mai bin diddigin abu. Ko fanka zan saya sai na zagaye shaguna, na karanta abin da aka rubuta a jikin kwali, na nemi wanda ya taɓa sayen irinta na sha masa kai da tambaya. Abokaina na majalisa suka sa mini suna Kwamiti, wai ko ruwan sha aka miƙo mini sai na ce a ba ni lokaci na yi nazari. Sunan bai taɓa ɓata mini rai ba, don a ganina yabo ne.

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Duk wanda ya tashi a ƙasar Katagum, musamman a gidan da ke da jinin Fulani, ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma. Idan na je gaishe da Inna a ƙauyenmu, can tsakanin Azare da Gamawa, nakan durƙusa a bakin ƙofa, ta amsa tana kallon wani wajen, ta tambayi lafiyar mutanen gida, daga nan zance ya ƙare. In tana da saƙo sai ta ba ƙanwata, autarmu, wadda ke aure a Misau, ita kuma ta kawo mini shi da ƙarin gishirinta. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin rashin so ba. Na san kunya ce, kuma na san duk ranar da na bar garin takan tambayi ƙanwata wai ba ta ga kamar wancan ya rame ba.

Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Da ciwon gwiwa ya fara takura wa Inna sai na ƙudura cewa ba za ta ƙara wata damina a ƙauye ba. Na fitar mata da ɗaki mafi girma a sabon gidan, da bayinsa a ciki, da baranda mai 'yan matakala zuwa tsakar gida. Shawo kanta ba ƙaramin aiki ba ne, don sai da na haɗa da baffanmu kafin ta ce to. Da ta yarda, sai na ɗauri aniyar yi mata ɗakin da babu wata tsohuwa a danginmu da ta taɓa kwana a irinsa.

A nan maganar ƙasan ɗaki ta taso. Kowa a unguwar tayil yake sawa, matata ma shi ta zaɓa, ta ce a sa tayil a shimfiɗa wa Inna darduma a huta. Na ƙi. Tayil yana da sanyi yana da santsi, ga mai sanyin ƙashi kuwa ba abokin zama ba ne. Akwai kuma wani dalilin da ban faɗa mata ba. Na taɓa zuwa bita Abuja aka sauke mu a wani otal da aka shimfiɗe ɗakunansa da katako, na taka da tafin ƙafa na ji ɗumi, tun daga ranar abin ya zauna mini a rai. Da na fara bincike sai na tarar abin iri biyu ne. Akwai katako na gaske, irin su madaci, wanda ake ferewa a jera a goge a shafa masa mai. Akwai kuma wanda ake kira laminet, garin katako ne da aka danne ya zama allo, aka manna masa hoton katako a sama, yana zuwa cikin kwali daga Kano ana harhaɗa shi kamar wasan yara.

Na kai maganar majalisa, ta kuwa raba mu gida biyu kamar lokacin zaɓe. Wani Alhaji da ya yi ritaya daga aikin gandun daji ya tsaya kai da fata a kan madaci. Ya ce laminet hoto ne, hoton tuwo kuwa bai taɓa ƙosar da mai yunwa ba. Ya ce katako na gaske in ya tsufa sai a goge shi ya dawo sabo, jikokina ma za su taka shi. Wani ɗan kasuwa da ke saro kaya daga Kano ya yi masa dariya, ya ce wanda ya shimfiɗa ɗanyen katako a ƙasar Azare walima ya shirya wa gara, saura kawai ya buga mata katin gayyata. Na je wurin kafinta, ya ce katakon da ake kawowa daga kudu da laimarsa yake zuwa, zafin bazararmu zai tsotse shi ya bubbuɗe, har allura da tsabar gero su riƙa ɓacewa a tsakani, da damina kuma ya kumbura ya hana ƙofa rufuwa. Mai sayar da laminet kuwa ya ce nasa ba ya jin ƙarce, ba ya son mai, tsintsiya da ɗan tsumma sun ishe shi. Aibinsa ɗaya ne, in ji shi, ba ya shiri da ruwa.

Na karɓo guntun kowanne na kawo gida na shiga gwaji, yara suna kallona suna ƙunshe dariya. Na karce su da makulli. Na ɗora su a kan kwanon rufi suka sha rana. Na binne su kusa da wani suri a bayan gida, da na tono na tarar gara ta fara lasar madacin, ta bar ɗayan. Na kuma jefa su cikin bokitin ruwa suka kwana. Madacin ya yi duhu ya ɗan lanƙwashe, laminet ɗin kuwa ya kumbura kamar biredi a cikin shayi. Saboda haka ba zan ce ban sani ba. Na gani da idona, sai na ce a raina ai ɗakin kwana ba madafi ba ne, wa zai riƙa zubar da ruwa a ciki. Na zaɓi laminet, a falo da ɗakunan kwana duka, har da na Inna.

Matata ta ce ko za a tambayi mai ɗakin. Na ce ta yaya zan tsaya gaban Inna ina mata bayanin katako. Amma don kada a ce ban yi ba, na kira ƙanwata a waya na ce ta ji mini ra'ayinta. Amsar da ta dawo ita ce, duk abin da aka yi daidai ne, Allah ya yi albarka. Na ɗauki wannan a matsayin amincewa, alhali ko kara na ce zan shimfiɗa mata, amsar da za ta bayar ke nan.

Ya kamata na faɗi yadda ɗakin Inna na ƙauye yake, don a gane abin da na tsallake. Daɓen ƙasa ne, ita da matan gidan suka yi shi da hannunsu, suka shafe shi da makuba har yana sheƙi. Daga hagun ƙofa akwai wani ɗan lungu da ba a daɓe ba, an zuba yashi, an ajiye faffaɗan dutse, butarta tana gefe. A nan take yin alwala tun ban san kaina ba. Ta sauko daga gado, ta ja 'yar kujerarta, ta ɗora ƙafa a kan dutsen, ruwan ya nutse a yashi. Na ga wannan lungu iya tsawon rayuwata, amma da na zo zana mata ɗaki ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba.

Inna ta tare bayan Babbar Sallah, da akwatinta da ƙoranta da butarta. Ta shiga ɗakin ta tsaya a bakin ƙofa, ta cire takalmi, ta taka a hankali kamar mai tsallaka rafi. Ta ce wa matata an wahala, Allah ya saka. Bayin da na yi mata a ciki kuwa, wanka kawai take yi a can da biyan buƙata. Ashe a wurinta ba a alwala a inda ake bayan gida, domin ba ta ga yadda za ta yi bisimilla a gaban masai ba. Wannan ma ban sani ba sai daga baya. Duk lokacin salla sai ta ɗauki sanda da buta, ta sauka matakala ɗaya bayan ɗaya, ta yi alwalarta a tsakar gida ta hawo. Ina ganinta, na ɗauka motsa ƙafa take so.

Da damina ta kankama gwiwoyin suka rikice, matakalar ta gagare ta. Matata ta yi dabara, ta riƙa kai mata babbar roba ɗaki, ta shimfiɗa leda a ƙasa, Inna ta yi alwala a ciki a kwashe. Abin bai yi wa Inna daɗi ba, surukarta na ɗaukar mata ruwan wankin ƙafa kullum, amma tana haƙuri.

Ana haka wata rana da yamma na dawo daga aiki na tarar wani wuri a falo ya tashi. Yara ne suka kifar da jug ɗin ruwa tun safe, suka ja kujera suka rufe wurin. Bakin allunan ya kumbura ya yi tudu, kuma na san ba ya komawa. Raina ya ɓaci. Na tara yaran a baranda na yi ta faɗa. Na ce wannan ba daɓen ƙauye ba ne da za a riƙa malala masa ruwa. Na ce daga yau kada na ƙara ganin kofi ko buta ko roba a kan katakon nan, duk mai son wasa da ruwa ga tsakar gida nan. Na ce wanda bai san wahalar da aka sha kafin a shimfiɗa shi ba, shi ne zai lalata shi. Da yara nake, Allah shi ne shaida. Amma a ƙofar ɗakin Inna nake tsaye, labulenta kawai ke tsakaninmu.

Wanda ya san mutanenmu ya san yadda ta ji maganar. Ɗan da ba ya iya kallon idonki ya faɗa miki abu, in yana da ƙorafi ta ina zai biyo? Sai ta kan yara. A wurin Inna wannan hannunka mai sanda ne, kuma ta gane. Washegari da matata ta kawo roba, Inna ta ce a mayar, ta saba da bayin yanzu, a can za ta riƙa yi. Matata ta yarda, har ta ji daɗi. Bayan 'yan kwanaki Inna ta sa aka samo mata dutse, wai iska na bugo mata ƙofa tana son abin tokarewa. Aka kawo mata wani sumul daga ragowar kayan gini. Da na gan shi abin da na ce kawai shi ne a sa tsumma a ƙarƙashinsa kada ya karce katako.

Daga nan Inna ta fara canjawa. Ta rage cin abinci. Ta daina kiran jikokinta su zo ta ba su labari. Sallar walaha da na san ba ta wuce ta, matata ta ce ta daina ganin tana yi. In na leƙa gaisuwa da safe nakan same ta zaune a bakin gado, carbi a hannu ba ta ja. Na kai ta asibiti, aka yi gwaje-gwaje, likita ya ce ban da gwiwa da ɗan hawan jini bai ga komai ba, sai dai ko tana da damuwa. Na ce wace damuwa, ga fanka, ga katifa, ga nama kullum. Sau da yawa ta aiko matata ta ce mini tana son ta je ta ga awakinta. Na ce a ba ta haƙuri, babu mai kula da ita a can, in awaki take so zan sa a kawo su. Na kuwa sa aka kawo biyu aka ɗaure a bayan gida, ko leƙa su ba ta yi ba. Har cikin raina na fara jin haushi, ina ganin na yi iya yina ba a gode ba.

Haka muka ci sauran damina da kaka da sanyi. Ana saura kaɗan a kama azumi ƙanwata ta zo daga Misau za ta kwana biyu. Ta shige ɗakin Inna suka yi ta magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa. Bayan la'asar ta fito ta same ni a falo, ko zama ba ta yi ba. Ita auta ce, babu abin da ba ta iya faɗa wa kowa. Ta ce, "Yaya, ka san rabon Inna da alwala da ruwa tun damina?"

Na ce ban gane ba. Ta ce dutsen nan da ke bayan ƙofa ba na tokare ba ne, da shi Inna take taimama. Ba ta iya sauka tsakar gida, ba za ta yi a bayi ba, kuma an ce kada ruwa ya taɓa katako. In ta samu ranar wanka ta riƙe tsarkinta iya yadda za ta iya, har ruwan sha ta rage don kada ya warware, in ya warware sai ta koma ga dutse. Ta ce abin da ke cin Inna shi ne ba ta yarda sallolin nan sun karɓu ba, domin ta san taimama ta wanda ya rasa ruwa ce ko wanda ruwa zai cutar, ita kuwa ga buta cike a bayi, taku kaɗan daga gadonta. Ta ce Inna ba ma ƙara ta kawo mata ba. Roƙonta ta yi ta tambayar mata wani malami a Misau, inda ba a san mu ba, wai wata mata ce take son sani, ko ya halatta mutum ya yi taimama don tsoron ɓata kayan mutane. Ta ce Inna ta ce ba ta son azumi ya same ta a haka, shi ya sa take ta maganar awaki.

Kalmar da ta tsaya mini ita ce kayan mutane. Na tashi na nufi ɗakin, ƙanwata na biye da ni. Na yi sallama, na shiga har tsakiya, abin da ban saba yi ba. Inna ta juyar da fuska wajen taga. Ba mu da wata hanyar magana ni da ita da za ta ɗauki irin wannan. Sai na shiga bayi na ɗauko butar, na tsaya a gaban gadonta na tsiyaye ta tas a kan katakon. Ruwan ya malala ya bi tsakanin allunan ya shige ƙarƙashin akwatinta. Can Inna ta dubi ƙanwata ta ce a faɗa wa wancan ruwa ba abin wasa ba ne, a ƙauye sai an yi tafiya ake samo shi. Na ga tana goge ido da bakin mayafi. A ranar ta yi alwalar magariba a bakin gadonta, ƙanwata na zuba mata.

Da gari ya waye na kira magini. Muka ɗaye laminet ɗin ɗakin gaba ɗaya, aka bar siminti, aka shimfiɗa mata tabarma da darduma a wajen gado. Daga hagun ƙofa na sa ya yi ɗan gangare, ya huda bango ya fitar da rariya zuwa tsakar gida. Na aika ƙauye aka ɗauko mata faffaɗan dutsenta na da, aka ajiye a wurin. Alhajin gandun daji da ya ji labarin na ɗaye katako ya zo har gida yana murna, wai ai ya faɗa mini hoto ba ya ƙarko, da madaci na sa da ba a yi haka ba. Da madacin na sa, dokar da zan kafa ke nan, wataƙila ma ta fi tsanani.

Na ɗauka magana ta ƙare. Na je wurin limamin unguwarmu na ba shi labari ba tare da ɓoye komai ba. Ya ce addini ya yi wa mai lalura sauƙi, tsohuwar da gwiwa ta hana ta sauka kuma ta ɗauka an hana ta ruwa a ɗaki, Allah ya fi kowa sanin uzurinta, kada ta takura kanta. Ya zo da kansa ya faɗa mata daga bayan labule. Inna ta saurara har ya gama, ta yi godiya, ta ce Allah ya ƙara wa Malam ilimi. Da ya tafi ta ce wa ƙanwata Malam ya yi gaskiya a kan abin da aka faɗa masa, amma shi bai ga butar ba, ita ta gan ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tun daga ranar Inna ta fara ramuwa. Duk sallar da ta yi sai ta tashi ta kawo wata irinta a bayanta. Azahar biyu, la'asar biyu, haka har isha'i. Da gwiwar ta hana ta tsayuwa ta koma yi a zaune. Jikinta ya dawo, ta koma cin abinci, jikoki suka koma cika mata ɗaki, maganar awaki ta mutu. Amma ramuwar ba ta tsaya ba. Da aka shekara na lissafa a raina na ga ai ta wuce abin da take ganin ana bin ta, na sa ƙanwata ta tambaye ta yaushe za ta gama. Ta ce ita ba ta ƙirga ba lokacin da abin ke faruwa, don ba ta zaci za ta samu damar biya ba, saboda haka ba ta san iyakarsa ba. Ta ce gara ta je da ƙari da ta je da giɓi. Na yi iya ƙoƙarina, na turo baffanmu, na turo ƙawayenta, kowa ta ce masa to, in ya fita ta ɗaura niyya. Nakan wuce ta ƙofarta na ji ta yi sallama, na ɗan tsaya, sai na ji ta sake kabbara. Wannan kabbara ta biyu ita ce abin da ya fi komai yi mini ciwo a rayuwata, kuma na ji ta kullum har kusan shekara biyu.

Inna ta rasu da hantsi, wata ranar Talata, bayan gajeriyar jinya. Matan da za su yi mata wanka suka tambaya ina za a kai ta, don sun saba a gidajen zamani sai an yi ta neman wurin da ruwa ba zai ɓata wani abu ba. Ƙanwata ta ce a nan ɗakinta za a yi, an riga an gyara wurin. Ina tsaye a tsakar gida tare da baffanmu muna jiran a gama a shigo da makara, sai ruwan ya fara fitowa ta rariyar nan. Kullum ɗan kaɗan yake fitowa, iya na alwala, ya jiƙa gindin bango ya tsaya. A ranar ya fito da yawa, ya miƙe har inda muke tsaye. Baffa ya ja da baya ya ce na matsa. Ban matsa ba.

Yau shekaru sun wuce. Laminet ɗin falo yana nan, ban da wurin nan da ya kumbura babu abin da ya same shi, gara ma ba ta taɓa shi ba. In gaskiya za a bi, a tsakanin biyun ban yi zaɓen banza ba. Abin da na koya shi ne na kwashe watanni ina tambayar kafinta da ɗan kasuwa da 'yan majalisa, har gara na tambaya, ban zauna na tuna yadda mai ɗakin take wuni ba. Na kuma koyi cewa dokar da mai gida ya kafa da ƙarfi a tsakar gida, wanda ya fi kowa kunya shi yake fara ɗaukarta, ko da ba da shi ake ba.

Ina jan hankalin duk mai shirin ɗauko tsohonsa ko tsohuwarsa daga ƙauye zuwa sabon gida. Kafin ka je Kano duba kwali, je ka zauna a ɗakin da za su baro, ka ga inda suke ajiye buta, da inda suke zama, da abin da hannunsu ke kai wa in sun farka. In akwai kunya a tsakaninku, kada ka dogara da Allah ya yi albarka, nemo wanda suke iya buɗe wa baki ka sa shi ya zauna da su, ba ta waya ba. Kuma ka san a ƙofar wa kake tsaye in za ka yi wa yara faɗa.

Har yanzu masu gini sukan zo su ga falona su tambaye ni wanne ya fi, laminet ko katako na gaske. Nakan faɗa musu abin da na sani game da gara da zafi da ƙarce. Daga nan sai na kai su ɗakin Inna na nuna musu simintin da rariyar da dutsen. Ban ba kowa ɗakin ba, a nan nake alwala.